Ruwa a kogon bishiya: a fitar da shi ko a bar shi?

Masu bishiya suna yawan tambaya: kogo ya cika da ruwan sama, a huda ƙasansa ruwan ya tsiyaye, ko a ƙyale shi?

Naman gwari ne ke ruɓar da itace, kuma sai ya samu danshi da iska a tare. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba yana daɗewa lafiya. Wanda ya nutse cikin ruwa ma a hankali yake ruɓewa, domin iska ba ta isa gare shi. Shi ya sa turakun katakon da aka kafa cikin laka a ƙarƙashin birnin Venis na Italiya suke ɗauke da gine-gine ɗaruruwan shekaru. Taɓa bangon kogon ka ji: inda ya fi laushi, yana marmashewa a yatsa, yawanci daidai bakin ruwan ne, wurin da ke jiƙewa yana bushewa.

Hudawa tana da haɗari ƙwarai. Bishiya tana gina katanga tsakanin ruɓaɓɓen itace da lafiyayye. Ramin zai fasa katangar, ya buɗe wa naman gwari hanya, ƙasan kogon kuma ya samu iska. Ga kuɗin aiki, ga ramin yana toshewa da ruɓaɓɓen ganye.

Barin ruwan ba ya cin kuɗi, sai dai sauro yana ƙyanƙyashewa a ciki.

Wanda bishiyarsa ke nesa da wurin kwana, barin ruwan ya fi masa. Wanda sauro ya addabi gidansa kuwa, ya zuƙe ruwan da tiyo ba tare da hudawa ba, ya rufe bakin kogon da raga mai ƙananan idanu.