Dubai ko Oman: ina ya fi dacewa a kai iyali hutu?

Alhaji, ka ce ka saba zuwa Dubai sarin kaya, yanzu kana son ka kai maiɗaki da yara hutu, wani kuma ya ba ka shawarar Oman, kai kuwa kana ganin duk kanwar ja ce: rairayi, zafi, da Larabawa masu fararen jallabiyoyi. Maƙwabtan juna ne, gaskiya, amma abin da za ka tarar a kowacce daban yake.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, faɗinta wajen murabba'in kilomita 83,600 ne, kuma masarautar Abu Dhabi kaɗai ta kwashe fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan fili. Mafi yawansa shimfiɗaɗɗiyar hamada ce, sai can gabas, wajen Fujaira da Ras al-Khaima, inda jelar duwatsun Hajar ta leƙo. Oman kuwa murabba'in kilomita 309,500 ce, kusan ninki huɗu ke nan, amma mutanenta wajen miliyan 5 ne kawai, kimanin rabin na Daular. Ainihin duwatsun Hajar a Oman suke. Jabal Shams ya kai tsayin mita 3,000, ga wani kwazazzabo a gefensa da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. A Jabal Akhdar ana noman rumman da furen wardi a kan gonaki hawa-hawa, kuma akwai shingen 'yan sanda a gindin dutsen da ba ya barin mota ta hau sai mai jan ƙafa huɗu.

Abin da Daular ba ta da irinsa ko kusa shi ne garin Salala, a yankin Zufar na Oman, kimanin kilomita 1,000 kudu da Maskat, babban birnin ƙasar. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, lokacin da Dubai da Maskat ke gasa mutum da zafin da kan haura digiri 45, iskar damina daga Tekun Indiya takan lulluɓe Salala da hazo da yayyafi. Sunan wannan lokaci kharif. Duwatsun da suka yi wata tara a bushe sai su koma kore shar, ruwa na kwararowa a Wadi Darbat, raƙuma na kiwo cikin ɗanyar ciyawa, direbobi na kunna fitila da rana tsaka saboda hazo. Larabawan Saudiyya da Kuwait da su kansu 'yan Dubai can suke tururuwa, shi ya sa kuɗin masauki ke tashi. Daga wannan yanki itacen lubban yake, turaren da aka yi dubban shekaru ana fataucinsa, kuma UNESCO ta sanya wuraren cinikinsa na da cikin kayan tarihin duniya a 2000. A kan wani dutse kusa da garin akwai kabarin da mutanen wurin ke cewa na Annabi Ayuba ne, Alaihis Salam.

Ta fuskar mulki, dukansu sarauta ce, babu jam'iyyun siyasa, sai dai ginin ya bambanta. Daular tarayya ce ta masarautu bakwai. Shida suka haɗu ranar 2 ga Disamba, 1971, Ras al-Khaima ta biyo baya a Fabrairun 1972. Sarakunan bakwai su ne majalisar ƙoli, kuma bisa al'ada shugaban ƙasa daga gidan Nahyan na Abu Dhabi yake fitowa, firaminista daga gidan Maktum na Dubai. Sheikh Zayed ya riƙe shugabancin har rasuwarsa a 2004, ɗansa Khalifa ya karɓa, sai Muhammad bin Zayed tun Mayun 2022. Kowace masarauta tana da wasu dokoki nata. Shi ya sa Sharja, da ke manne da Dubai, ta haramta giya gaba ɗaya, alhali a otal-otal na Dubai ana sayarwa.

Oman sarki ɗaya gare ta, Sultan, kuma maganarsa ce ta ƙarshe, duk da akwai Majalisar Shura da jama'a ke zaɓa. Sultan Ƙabus bin Sa'id ya kawar da mahaifinsa a Yulin 1970, lokacin da makarantun boko na gwamnati uku ne kacal a duk ƙasar, ya mulka kusan shekara 50, ya rasu a Janairun 2020 bai bar ɗa ba. Ɗan baffansa Haisam bin Tarik ne ya gaje shi, a 2021 kuma ya kafa muƙamin yarima mai jiran gado. Tsohuwar daula ce: 'yan Oman sun kori Turawan Fotugal daga Maskat a 1650, a ƙarni na 19 kuma sarkinsu yana mulkin Zanzibar. Har yau za ka ji Sawahilanci a bakin wasu iyalai a Maskat, kuma hular da suke kira kumma, mai zanen allura, in ka gan ta daga nesa sai ka rantse zanna bukar ce. A ƙasashen biyu, ka kama bakinka game da masu mulki, a baki ko a waya, kuma kada yara su riƙa ɗaukar hoton mutane ba izini. A Daular musamman, wannan laifi ne da kan kai mutum gaban alƙali.

Ga wani bambanci da baƙo kan ji a jikinsa tun daga filin jirgi. A Daular, 'yan ƙasa ba su fi mutum ɗaya cikin takwas ko tara ba. Kai shaida ne, sai ka yi mako a unguwar Deira ta Dubai kana ciniki da Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan China ba ka yi hira da ɗan ƙasa ko ɗaya ba. A Oman 'yan ƙasa sun haura rabi, kuma direban tasin da zai ɗauke ka ɗan Oman ne. Gidan sarauta da babban kaso na jama'a mabiya mazhabar Ibadiyya ne, suna sakin hannu a salla, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin Malikiyya. Sahu ɗaya ake bi da su ba wanda zai dube ka.

Wuraren kallo na Dubai ka san su: Burj Khalifa mai tsayin mita 828 da aka buɗe a 2010, manyan kantuna, wuraren wasan ruwa, Masallacin Sheikh Zayed da gidan tarihi na Louvre a Abu Dhabi. Komai a tsare, komai da na'urar sanyaya ɗaki, ga jirgin ƙasan cikin gari tun 2009, kuma kusan kowace ƙofa sai ka yanki tikiti. Ga yara 'yan ƙasa da shekara goma, da Hajiya in ranta na kan kasuwar gwal, Dubai ce ta yi nasara, babu ja.

Maskat ba ta yarda da dogayen benaye ba. Fararen gidaje ne a matse tsakanin baƙaƙen duwatsu da teku, ga kasuwar Matrah mai ƙamshin lubban, ga babban masallacin Sultan Ƙabus da aka buɗe a 2001. Amma daɗin Oman a wajen birni yake. Ka kwana a Nizwa ranar Alhamis, tafiyar awa biyu ce daga Maskat, ka sammaka kasuwar dabbobi ta Juma'a da ke kusa da ganuwar garin. Masu saye suna zaune a kan wani dandamali mai da'ira, wasu a tsaye sun kewaye, masu sayarwa kuma suna zagayawa ta tsakiya da akuya a hannu suna shelar kuɗin da aka taya. Wanda ta yi masa sai ya tsayar da mai ita, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya latsa gadon bayanta, ya ƙara tayi ko ya sake ta a ci gaba da zagaye. Matan Badawiyya masu rufin fuska suna cikin masu taurin ciniki. Kafin hantsi ya dubi ludayi an watse. A ƙauyukan da ke kewaye za ka ga falaj, magudanan ruwa na ɗaruruwan shekaru da ke kawo ruwa daga gindin dutse zuwa gonakin dabino, kowane mai gona da sa'o'insa, waɗanda a da ake aunawa da inuwa da rana, da taurari da dare. Sai rairayin Sharƙiyya don kwana a tanti, Wadi Bani Khalid don yara su yi iyo, da Ras al-Jinz inda kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai. In hadari ya haɗu a kan duwatsu, ku fita daga kwari nan take, ambaliyar can ba ta sallama.

Tunda ka ce so kake yara su ga ƙasa kuma kai ka huta da hayaniya, ni Oman zan ce maka, tsakanin Nuwamba da Maris. In kuwa sai dogon hutun makaranta na Agusta za ku samu, to Salala kaɗai. Amma ka shirya wa hayar mota, domin ba jirgin ƙasa, wuraren kuma nesa suke da juna. Kada ƙananan alƙaluman farashi su ruɗe ka: riyal ɗaya na Oman ya kai dala 2.6, kusan dirhami 10 ke nan. Bizar kowace ƙasa daban take, ta Dubai ba za ta shigar da mai fasfon Najeriya Oman kai tsaye ba, kuma ka tuna yadda Daular ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. Kada ka biya kuɗin tikiti ko na otal sai bizar kowa a gidan ta fito, har ta ɗan autan.