Taron masu buga hatimin roba a Damagaram: teburin sassaƙa ne ya fanshi kuɗina

Jika 5 na biya na shiga taron masu buga hatimin roba da aka yi nan Damagaram, kuma ban yi da-na-sani ba. Sai dai in za a bi gaskiya, tebur ɗaya ne ya fanshi kuɗin, wato teburin da ake koyar da sassaƙa. Sauran teburan wasu na da amfani, wasu kuwa kasuwa ce kawai aka baje. Sana'ata turaren wuta da humra, kuma abin da ya kai ni shi ne bikin ɗiyar yayata da ke tafe. Ina so kayan da za mu raba wa ƴan biki su fita da alamar gidanmu, ba cikin ledar nan mai ƙyalƙyali da kowa ke sayowa a Kasuwar Dole ba.

Yawancinmu abin da muka sani shi ne kashe, wato hatimin ofis, wanda ake buga wa takardar haihuwa ko ta lakwal. Wannan na ado ne. Ana sassaƙa zane a jikin roba, a shafa masa tawada, a danna a kan takarda ko yadi ko fata, zane ɗaya ya fito sau ɗari. A Amurka abin ya zama sha'awa mai zaman kanta, har manyan taruka suke yi a kai, kuma can ne Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa ɗanyen roba da farar wuta a 1844, abin da ya sa roba ta daina narkewa da zafi, aka samu damar yin hatimi da ita bayan kamar shekara 20. Amma shi kansa hatimi ba baƙonmu ba ne. Annabi (SAW) yana da zoben azurfa da aka rubuta wa "Muhammadur Rasulullah", da shi ake rufe wasiƙun da ya aika wa sarakuna, kuma sarakunanmu ma da hatimi suke aika takarda tun kafin zuwan Nasara.

Da ka shiga zauren, masu sayar da kaya ne ke fara tararka. Galibin abin da suka kawo hatimi ne na kanti daga Sin, irin mai garai-garai da ake liƙa wa ɗan gilashin roba, ta yadda kana ganin inda za ka danna. Aikinsu na fita tsaf, ba na musu. Matsalar ita ce abin da ke jikinsu: zuciya, dusar ƙanƙara, bishiyar Kirsimeti, ƴar tsana, da gaisuwa cikin Faransanci da Ingilishi. Na duba kwali bayan kwali ban ga ko ɗaya da zan iya bugawa a kan kyautar amarya ba. Na ji takaici sosai ganin ƴanmata sun yi cincirindo a wurin suna zuba kuɗi, alhali garin da suke ciki bangonsa ma zane ne. Ɗaya daga cikin masu sayarwar, Allah Ya saka masa, ya faɗa mini gaskiya ba tare da na tambaya ba. Ya ce, "Hajiya, in kin saya kada ki bar shi a rana ko cikin mota, zai yi ɗorawa ya kama danƙo. Kuma ƙurar hunturu na liƙe masa, sai kin riƙa wanke shi da ruwa da sabulu." A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce maki 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan gilashin kaɗai na saya a wurinsa.

Teburin sassaƙa yana can ƙurya, wata malama da ta zo daga Yamai ce ke riƙe da shi. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: farin gom irin wanda ƴan lakwal ke goge fensir da shi, fensir mai laushi, takarda, da ƴan wuƙaƙen sassaƙa iri biyu, mai bakin tsini da mai bakin kwarmi. Ta ce a Japan ma da gom ɗin suke yi, kuma sana'a ce da ake ji da ita. Da farko za ka zana abin da kake so a takarda, ka danne fensir sosai. Sai ka kife takardar a kan gom ka murza bayanta da farce ko bayan cokali. In ka ɗaga, zanen ya hau kan roba a juye, dama ta koma hagu, kuma haka ake so, domin in an buga zai dawo daidai. Wannan dabarar kaɗai ta warware wa mutane da yawa matsalar rubutu, musamman masu son sa suna da ajami ko da boko.

Abin da ta fi nanatawa shi ne yadda ake riƙe wuƙa. Ba a nitsa ta a tsaye. Ana kwantar da ita, a bi gefen layi da mai tsini a hankali, bakin yana karkata waje, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi. In aka yi akasin haka, aka ci ƙarƙashin layin, zai karye bayan ƴan bugu kaɗan. Sannan hannun da ke riƙe da wuƙa ba ya yawo, gom ɗin ne ake juyawa da ɗaya hannun, yatsu kuma kullum suna bayan baki. Bayan an zagaye zanen sai a ɗauko mai kwarmi a kwashe filin da ba a so. Na tsaya ina kallon hannunta tana fidda dagi a kan gom da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Robar na fita siri-siri tana naɗewa kamar ɓawon albasa, ba ta ɗaga wuƙar ba sai da ta kai inda zaren dagin zai shige ƙarƙashin ɗan'uwansa, nan ta bar ɗan tsaga kamar gashi. Wannan tsagar ce ke sa idan an buga, ido ya ga saƙa ta hau ta sauka.

Kusa da ni wani dattijo ne baduku daga unguwar Birni, ya zo da jikansa. Da aka ce kowa ya zaɓi zanen da zai yi, sai ya zaro wata tsohuwar jakar fata ya zube ƙarafunan da yake buga wa fata ado da su, kowanne da bakinsa: mai zobe, mai haƙori, mai idon zakara. Ya ce mini, "Ƴata, ba ki ga aikin ɗaya ba ne? Mu muna bugawa ya nitse, ku kuna bugawa ya hau." Na ce, "Baba, to ai ku ya kamata ku riƙe wannan teburin." Ya yi dariya ya ce idonsa ya gaji, amma ya zauna ya zana mana bakin jaka iri-iri a takarda, muka kwafa. A ganina babban kuskuren masu shirya taron shi ne da ba su gayyaci dukawa da masu zanen ƙwarya da maginan gargajiya a matsayin malamai ba. Damagaram ta yi suna da aikin fata tun zamanin fatake. Wanda ya ratsa lungunan Birni, daga fadar Sarki zuwa inda ragowar ganuwar Sarki Tanimun take, ya ga zanen da ke fuskar gidaje da zankwayen da ke kan soraye, ya san ba mu da ƙarancin abin bugawa. Ga kuma ƴar azurfar wuyan nan ta maƙeran Buzaye, wadda a cikin samfuri 21 da aka sani a Nijar akwai ta Zinder, wato ta Damagaram ɗinmu. Wata yarinya zanen wannan azurfar ta sassaƙa, kuma nata ya fi na kowa kyau a teburin.

Ni na yi dagi ƙarami, da kasko mai hayaƙi saboda sana'ata, da doguwar sarƙar bakin jaka daga zanen Baba. Gom na dala 20 ya isa kowanne. Malamar ta nuna mana cewa don babban zane ba sai an jira roba daga waje ba. Tsohon tub na taya, in aka yanke shi da almakashi aka liƙa a kan guntun katako, yana bugawa lafiya. Robar silifa ma haka, sai dai ba ta ɗaukar ƙananan layuka. Ta kawo misalin Ashantawan Gana, waɗanda a garin Ntonso kusa da Kumasi har gobe da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa hatimin adinkra suna buga wa zane. Ƙwarya kuwa ba mu rasa ta ba.

Maganar tawada ita ce ta biyu da na ƙaru da ita, kuma nan ne mutum zai iya asarar kayansa in bai sani ba. Tawadar soson kashe na ofis da irin mai ruwa-ruwa da ake sayarwa da launuka da yawa suna shiga cikin takarda su bushe nan take, amma rana na kashe su, ruwa kuma na wanke su. Akwai mai kauri da ke zama a saman takarda, ta fi jimirin rana, sai dai tana jinkirin bushewa, in ka jera katuna a kan juna da wuri za su ɓata bayan juna. Yadi yana da tasa tawadar daban, wadda sai an bi ta da dutsen guga mai zafi bayan ta bushe kafin ta kama, kuma dole a fara wanke yadin a cire masa sitacin kanti. Don kwalba da fata mai santsi akwai StazOn ta wani kamfanin Japan, tana kamawa ƙam, amma tsadarta ta sa na haƙura. Ba a danna hatimi cikin soso da ƙarfi, ana ɗan taɓa-taɓawa ne har fuskar ta jiƙu, sannan a danna sau ɗaya a kan takarda ba tare da girgizawa ba. An gwada tawadar allo ma, ta baƙin tukunya da ƙaro. A kan roba tana tattaruwa ɗigo-ɗigo, amma da aka ƙara mata ƙaro ta yi kauri, ta ba da baƙi mai kyau a kan takardar siminti. Ni wannan ya fi burge ni, don babu gidan da zai rasa ta.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Wuƙaƙen sassaƙa sun yi kaɗan ƙwarai, mutum ya gama zane ya zauna yana jiran layi, har wasu suka koma amfani da reza, abin da ke da haɗari ga yaran da aka zo da su. Teburin da aka fi tallatawa, na garin hoda mai narkewa da ke sa zane ya kumbura ya yi sheƙi, yana buƙatar na'urar hura zafi, wuta kuwa ta ɗauke, babu janareto. Waɗanda suka biya kuɗin wannan darasin daban sun tashi hannu rabbana, ban kuma ji an yi maganar mayar musu ba. Jawabin buɗewa da takardar bayani duk da Faransanci aka yi su, alhali rabin zauren mata ne masu sana'a da ba su yi lakwal ba. Ita malamar sassaƙa da ta lura sai ta juya Hausa, shi ya sa teburinta ya cika.

Abu ɗaya kuma ya tsaya mini a rai. Wani tebur na sayar da hatimin Bisimilla da gajerun ayoyi, mutane na bugawa a kan ambulan da takardar naɗe kyauta. Na san niyya mai kyau ce, amma kowa ya san inda takardar naɗi ke ƙarewa bayan biki: ƙasa, bola, ko hannun mai ƙosai. Na je na yi wa mai teburin magana a hankali, na ce, "Malam, da ka riƙa gaya musu su buga a kan abin da za a rataya ko a adana." Ya karɓa da kyau, ya ce zai yi. Ni dai a kan kayan rabo "Mun gode" da "Allah Ya ba da zaman lafiya" ma sai da na yi tunani, a ƙarshe na bar na biyun don katin da amarya za ta ajiye.

A gida na yanka farin akoko na ɗinka ƴan jakunkuna masu zare, na buga wa kowacce kasko a tsakiya da sarƙar Baba a baki, da tawadar yadi mai ruwan ƙasa. Na wanke ɗaya da omo don in gani, zanen bai motsa ba. Alkaki da nakiya na gara kuma muka sa su a kwali, aka ɗaura wa kowanne ɗan kati mai dagi. Wani ya fi wani baƙi, wani ya ɗan karkace, aikin hannu ke nan, kuma bai rage musu kyau ba. Gwaggo da ta ɗauki jaka ɗaya ta jujjuya ta, ta ce irin wannan bakin ne a jikin tsohon adudun mahaifiyarsu, ta sa aka ware mata guda biyar kafin a fara rabo. Gom ɗin kaskon ya fara cinyewa a gefe bayan bugu da yawa, don gom bai kai robar gaske ƙarko ba, saboda haka mai son yin na sayarwa ya sassaƙa biyu ko ya kai zanen wurin masu yin kashe su fitar masa.

In aka sake yin taron, mai ɗinki da mai turare da mai kilishi da malamin lakwal duk za su ƙaru. Mutum ya tafi da wuƙarsa in yana da ita, da gom da yawa, da guntun yadin da aka riga aka wanke, ya ɗauki hoton zanen da yake so a waya tun daga gida, ya je da sassafe ya kama kujera a teburin sassaƙa kafin ya waiwayi masu sayar da kaya.