Kuɗin ritayar da 'yan uwanmu ke bari a Ostiraliya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya su Inna da yara? Ka tambaye ni batun ɗan Kawu da ya gama karatu a nan ya koma Kano, ko gaskiya ne akwai kuɗinsa da ya bari a baya. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsa ne. Tunda kai ma ana cire maka na fansho duk wata, bari in warware maka yadda abin yake a nan ka gwada da namu, sannan ka zaunar da shi ka karanta masa.

Tun 1992 doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikaci a Ostiraliya ya riƙa zuba masa wani kaso a asusun ritaya, wanda kowa a nan ke ce wa super. Kason ya yi ta hawa har ya kai kashi 12 cikin 100 daga Yulin 2025. Mai aiki ne ke biya, doka ba ta tilasta wa ma'aikaci ƙara komai daga aljihunsa ba, saɓanin namu na dokar 2014 inda mai aiki ke sa kashi 10, kai kuma a cire maka 8. Kuma ba a duba ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ɗalibin da ke wanke kwanuka a gidan abinci, da mai kula da tsofaffi irina, da injiniyan da kamfani ya kawo, duk ana zuba musu. Da can sai albashinka ya kai dalar Ostiraliya 450 a wata kafin a fara zubawa, amma an soke wannan sharaɗi a Yulin 2022. Waɗanda ba su da komai su ne masu karɓar kuɗi a hannu ba takarda, da galibin masu kai saƙon abinci da ake lissafa su a matsayin masu zaman kansu. Idan irin wannan aikin kaɗai ɗan Kawu ya yi, kada ya sa rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kake ganin kuɗinka da idonka. Ka buɗe manhajar asusun a waya, ga ranar da aka zuba, ga nawa aka zuba, ga abin da aka cire na hidima, ga ribar da jarin ya kawo. In mai aiki ya ƙi zubawa, ka kai ƙara hukumar haraji ta ATO, ita za ta bi shi. Duk sanda na duba sai na tuna tsofaffinmu da ke wuni a layin tantancewa riƙe da fayil, wasu har rai ya yi halinsa ba su ga haƙƙinsu ba, sai zuciyata ta yi nauyi. Na san tsarin hukumar fansho ta PenCom ya gyara abubuwa da yawa, kai ma kana samun saƙo a waya, amma matsalar wuraren aikin da ke cirewa su ƙi turawa tana nan a gida.

Ɗan ƙasa ba ya taɓa kuɗin sai ya kai shekara 60 ya ajiye aiki, in ban da wasu larurori masu tsanani. Baƙon da ya zo da bizar wucin gadi kuwa an buɗe masa ƙofa ta daban mai suna DASP, wato ya kwashe abinsa bayan ya bar ƙasar. Sai dai dole ya riga ya fita, bizarsa ta ƙare ko an soke ta, kuma bai zama ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin ba. Wanda ya dawo gida alhali bizarsa na da sauran wa'adi, ko dai ya jira ta ƙare, ko ya roƙi ma'aikatar cikin gida ta Ostiraliya ta soke ta. Ana cike buƙatar a shafin ATO ta intanet kyauta. Na nanata kyauta ne saboda akwai dillalai da ke cewa za su cike maka su yanki nasu kaso, alhali abu ne da duk mai fasfo, da lambar harajinsa ta TFN, da lambar asusunsa zai iya yi da kansa. In takardu sun cika, yawanci cikin kwana 28 ake biya.

To, ga inda ni abin yake min ciwo. Tun ranar da kuɗin suka shiga asusu gwamnati ta ɗebi kashi 15 na haraji. Ranar da za ka cire kuma ta sake ɗiban kashi 35 daga abin da ya rage. Ɗauki misalin mai albashin dala 60,000 a shekara, ya yi shekara biyu. An zuba masa 14,400. Bayan harajin shiga saura 12,240. Bayan na fita saura 7,956, in ba a lissafa riba da kuɗin hidima ba. Wato abin da ya haura rabi da kaɗan ke isa hannunsa, kuma ba a dawo da wannan harajin ta kowace hanya. Masu bizar yawon buɗe ido haɗe da aiki, galibinsu matasan Turai da Asiya, nasu ya fi muni, kashi 65 ake cire musu tun 2017, sai dai mu 'yan Najeriya ba ma cikin masu samun wannan bizar. Hujjar gwamnati ita ce an sassauta harajin asusun ne domin masu tsufa a ƙasar, wanda zai tafi sai ya mayar da sassaucin. Na ji hujjar, amma ban gamsu ba. Mutumin da ya kwana yana juya tsofaffinsu a gado, ya biya harajin albashi kamar kowa, bai kamata a sallame shi da rabin guminsa ba. A wannan fannin kam namu ya fi adalci: dokarmu ba ta ɗora haraji a kan kuɗin ritaya, kuma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya karɓar kashi 25 na asusunsa ya rage zafi.

Wahalar da 'yan uwanmu ke sha ba ta cike fom ba ce, ta hanyar da kuɗin za su iso ce. Ana biya ta asusun banki na Ostiraliya, ko da cek na dalar Ostiraliya, wasu asusun kuma na yarda su tura ƙasar waje kai tsaye. Cek ɗin nan ba ƙaramin aiki ba ne a gida, don bankunanmu sun fi sabawa da dalar Amurka da fam da yuro. Shi ya sa duk mai shirin komawa nake ce masa kada ya rufe asusun bankinsa na nan, kuma kada ya bari layin wayarsa ya mutu, don ta layin ake turo lambar sirri ta shiga banki. Haka kuma in kuɗin sun kai dala 5,000, asusun na iya neman kwafin fasfo mai hatimin shaida. A nan akwai masu sa hatimin kyauta a ɗakin karatu na unguwa, cikin minti kaɗan an gama. Daga Kano kuwa sai ya nemi lauya mai hatimi, ko ya kama hanyar Abuja zuwa ofishin jakadancin Ostiraliya, ga kuɗin mota ga na hidima. Ya fara tambayar asusun wace shaida suke karɓa kafin ya kashe ko kwabo.

Ka tambaye shi kuma wurare nawa ya yi aiki. Kafin Nuwambar 2021, kusan duk sabon aiki sabon asusu ake buɗe wa mutum in bai zaɓa da kansa ba, kowane kuma yana cin kuɗin hidima, wani har da na inshora. Yanzu asusun da kake da shi ne ke bin ka duk inda ka je. In ya wuce wata shida da fitowa kuma bizarsa ta ƙare, mai yiwuwa an riga an mayar da kuɗin hannun ATO. Ba su salwanta ba, daga can zai nema, ta wannan shafin dai.

Na san za ka tambayi halascin ribar, don yawancin asusun nan suna zuba jari a bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca. Akwai 'yan kaɗan da ke bin tsarin shari'a, kamar yadda PenCom ta buɗe asusu na shida marar ruwa a gida, amma sai mutum ya nema da kansa, ba a sa shi kai tsaye. In nasa na gama-gari ne, takardar asusun na nuna abin da aka zuba daban da ribar da ta hau, sai ya kai wa malami ya yi masa bayanin yadda zai tsarkake.

Ni dai ban yanke shawara kan nawa ba, don in Allah ya sa na samu takardar zaman dindindin, ƙofar DASP ta rufe, sai na kai 60. Shi kuwa ɗan Kawu ka kwantar masa da hankali, karɓar kuɗin ba ya hana shi neman wata bizar nan gaba. Ka ce ya lalubo tsohuwar takardar albashinsa, sunan asusun na jiki, ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku mu cike tare.

A gaida Inna da kyau, a gaida Anti da yara.

Ƙanwarka, daga Melbon.