Wace hula za ku saya wa mRNA? Jagora ga masu bincike a Jos da Vom

Ɗakunan gwaje-gwajen da suka fara haɗa mRNA (zaren RNA mai ɗauke da saƙon gina furotin) da enzayim ɗin T7 mai kwafo RNA daga DNA, a Jami'ar Jos ne ko a wajen masu binciken rigakafin dabbobi a Vom, galibi sai sun gama tsara DNA suke tunawa da hula. Kuskure ne mai cin kuɗi, domin irin hular da aka zaɓa ita ke yanke haruffan farko da DNA ɗin zai ɗauka. A zaɓi hula tukuna, sannan a yi odar DNA.

Hular ita ce m7G, wato harafin G mai ɗauke da metil, da ke manne a goshin mRNA ta gadar fosfat uku. Furotin eIF4E ita yake kamawa kafin ribosom ya hau aikin fassara, wato gina furotin daga saƙon, kuma ita ke hana enzayim ɗin Xrn1 cinye zaren. In babu metil a harafin farko na RNA, sunanta hula 0. In akwai, hula 1. Bambancin ba ƙarami ba ne: furotin IFIT1 na garkuwar jiki yana riƙe RNA mai hula 0 ya hana a fassara shi.

Mafi tsufa a kasuwa ita ce m7GpppG. Aibinta shi ne T7 na iya ɗaura ta a juye, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, kuma wadda ta juye ba ta aiki. Ba ma ba da shawarar sayenta, ko da an karya mata farashi.

ARCA ta fito a 2001 daga haɗin gwiwar Edward Darzynkiewicz na Jami'ar Warsaw da Robert Rhoads na Luwiziyana a Amurka. Sun toshe matsayi na 3' na m7G da metil, don haka ba ta shiga sai ta fuska ɗaya. Amma tana takara da GTP, tubalin harafin G na RNA, wajen fara zaren, shi ya sa ake zuba ta ninki huɗu na GTP, misali milimola 8 da milimola 2. Da wannan ma'auni kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ne ke samun hula, kuma ƙarancin GTP yana rage amfani: haɗin mikrolita 20 da kan ba da sama da mikrogiram 100 sai ya tsaya wajen 40 zuwa 50. Ragowar da ba su sami hula ba suna ɗauke da fosfat uku a fili, abin da RIG-I, furotin garkuwar jiki, ke gani ya tayar da intaferon, sinadarin yaƙi da bairas. Dole a bi su da enzayim mai cire fosfat kafin a sa wa ƙwayoyin halitta. ARCA hula 0 take bayarwa. Ga mai gwajin fassara a cikin kwalba, ko mai DNA da ya riga ya fara da GG, ta wadatar.

CleanCap AG ta kamfanin TriLink haruffa uku ce, m7GpppAmG, tana ba da hula 1 a mataki ɗaya, ba a rage GTP, kuma kusan kashi 95 na samun hula. Irinta mai ƙarin metil a 3' aka yi amfani da ita a rigakafin korona na Pfizer da BioNTech. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma a nan mutane ke faɗuwa: bayan TAATACGACTCACTATA, jerin da T7 ke kamawa a DNA, dole AG ya biyo, ba GG ba. In kuka zuba ta a kan tsohon DNA mai GG, RNA zai fito da yawa, jel zai nuna layi mai kyau, amma yawancinsa kai ba hula. Ana gyara haruffan da PCR, da furaima ɗaya mai ɗauke da sabon jerin. Masu aiki da RNA mai kwafar kansa daga dangin alfabairas su nemi CleanCap AU. Kwalbarta ta fi ta ARCA tsada, amma a lissafa kuɗin kowane mikrogiram na RNA mai hula, ba kuɗin kwalba ba. A kuma sani cewa don bincike ake sayar da ita. Wanda ke da niyyar kai kaya kasuwa sai ya nemi lasisi.

Wata hanyar kuma ita ce a gama haɗa RNA, a tsarkake shi, sannan a ɗaura hula da enzayim ɗin bairas ɗin baksiniya, kamar yadda Moderna ta yi. Ana ɗumama RNA a digiri 65 na minti 5 a sa a ƙanƙara don goshin ya buɗe, a ƙara enzayim ɗin da GTP da SAM (sinadarin da ke ba da metil) da enzayim mai sa metil a 2', a bar shi awa ɗaya a digiri 37. Mikrogiram 10 a mikrolita 20 shi ne ma'aunin da aka saba. In komai ya tafi daidai kusan duka ke samun hula 1, kuma ba sai an taɓa DNA ba. Rauninta SAM ne: ba ya jure ɗumi, don haka a tsinka shi dab da amfani. SAM da ya lalace kan bar hula ba metil, wadda eIF4E ba ya riƙe ta da kyau. Inda wuta ke ɗaukewa firiza na narkewa, wannan hanya ce ta fi saurin ba da kunya.

Akwai huluna na tambaya ta musamman. Beta-S-ARCA, mai salfa a fosfat na tsakiya, tana jure enzayim ɗin Dcp2 mai cire hula, kuma tana da siffofi biyu, D1 da D2, sai a faɗi wadda ake so a takardar oda. FlashCap ta rukunin Andrea Rentmeister a Jamus, 2022, tana hana fassara har sai an haska mata haske. Mai son janyo eIF4E daga ruwan ƙwayoyin halitta kuwa, m7GTP da aka ɗaure a ƙwayoyin agaros yake bukata.

Wadda muke roƙon kowa ya saya, ko ƙaramar kwalba ce, ita ce ApppG. Tana kare RNA amma eIF4E ba ya kama ta, don haka ita ce abin kwatanci. Tunda jel ba ya nuna hula, kuma ba kowa ke da na'urar LC-MS ba, haɗa RNA biyu na lusiferes, furotin mai ba da haske da ake iya aunawa, ɗaya da hularku ɗaya da ApppG, shi ne hanya mafi sauƙi ta sanin ko hular na aiki.

Sai batun isowar kaya. Daga filin jirgin Abuja zuwa Jos tafiyar sa'o'i ce a mota, bayan jiran kwastan, kuma sanyin Filato ba ya maye gurbin firiza. Ku sa dillali ya rubuta cewa zai sake cika busasshiyar ƙanƙara a Abuja, ku nemi takardar shaidar tsarki ta HPLC mai lamba ɗaya da ta jikin kwalbar. Da isowa a raba hula da SAM ƙanana-ƙanana, kowanne na amfani ɗaya ko biyu, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili cikin firizar da ke kan inbata.