Taron Ƙoli na Tattalin Arziki a Abuja: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Tun 1993, lokacin da Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, ya tara manyan gwamnati da 'yan kasuwa wuri guda, ake yin wannan taro. Ƙungiyar NESG ta 'yan kasuwa masu nazarin tattalin arzikin Najeriya, wadda aka yi wa rajista a 1996 kuma ba ta bin wata jam'iyya, ita ke shirya shi tare da ma'aikatar tarayya mai kula da kasafi da tsare-tsare. An saba yin sa a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama, galibi a watan Oktoba. Na 30 ya gudana a 2024. Ministoci da gwamnoni da shugabannin bankuna suna zuwa, haka jakadun ƙasashe da wakilan Bankin Duniya.

Wanda ya biya kuɗin rajista don zaman babban zaure kawai, gaskiya ya yi asara. Jawaban buɗe taro ana iya kallonsu a intanet, kuma a kowane taro irin wannan manyan baƙi kan tashi da zarar an gama. Amfanin yana ƙananan ɗakuna, inda ake zama kan noma ko wutar lantarki ko haraji, mutane kaɗan, darakta daga ma'aikata yana zaune kujera biyu da ku.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya karɓi makirufo ya shafe minti biyar yana gaisuwa da koken tsadar rayuwa, a katse shi bai faɗi buƙatarsa ba. Ku zo da takarda shafi ɗaya: dokar da ke cutar da sana'arku, hukumar da ke riƙe da ita, asarar da take jawowa a lissafe, da gyaran da kuke nema. Ku buga kwafi ashirin, ku tabbatar ɗaya ya shiga hannun mai rubuta rahoton zaman, don daga rubutunsa ake haɗa shawarwarin da ake miƙa wa gwamnati. Idan aka ce zama yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House ta Landan, kuna iya amfani da abin da kuka ji, amma ba a faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Wanda ya saki sunan wani a Facebook ya rufe wa kansa ƙofa.

Ko ana ganin sakamako? Ana gani, sai dai a hankali. Zauren haɗin gwiwa da Majalisar Tarayya, wanda NESG ta taimaka aka kafa a 2016, ya yi aiki kan sabuwar dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, da dokar 2017 da ta ba da damar jinginar da injina ko dabbobi a karɓi bashi. Wannan aikin kwamitoci ne na tsawon shekara, ba na kwana uku a otal ba.

Abin da ke damun mu shi ne da Turanci ake komai, kuma rajista da masauki a Abuja ba ƙaramin kuɗi ba ne. Dillalin hatsi na Dawanau ko manomin dankali na Bokkos da wuya ya je da aljihunsa. Gara ƙungiya ta yi karo-karo ta tura wakilai biyu, ɗaya mai jin Turanci, ɗaya masanin sana'ar, su kama ɗaki da wuri a Wuse ko Garki, su isa da sassafe ranar buɗewa saboda binciken jami'an tsaro, kuma kafin su bar Abuja su nemi yadda za su shiga kwamitin da ya shafi harkarsu.