Hoton MRCP ga wanda aka yi wa dashen hanta: yadda wata cibiya a Kaduna take aiki

Yawancin masu dashen hanta a nan a Indiya ko Masar aka yi musu aikin, kuma bayan sun dawo gida matsalar bututun madaciya ke bayyana: idanu su yi shawara, ƙaiƙayi, fitsari ya yi duhu, sinadaran hanta na ALP da GGT su hau a gwajin jini. Hoton MRCP, wato hoton bututun madaciya da ake ɗauka da na'urar MRI, shi ke nuna inda matsalar take. Cibiyar da muka duba, mai zaman kanta ce a cikin gari, tana da na'urar MRI mai ƙarfin Tesla 1.5. Wannan shi ne babban abin yabonta, domin ƙananan na'urori masu buɗaɗɗen gefe ba sa fito da siraran bututun cikin hanta sosai.

Shirinsu daidai ne. Azumin awa 4 zuwa 6, sannan a ba mutum ruwan abarba, wanda sinadarin manganis ɗinsa ke dusashe hasken ruwan ciki don kada ya rufe bututun. Ana koya wa majiyyaci riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya shiga, aikin kuma bai wuce minti 40 ba. Idan za a yi allurar gadoliniyam, mai ƙara fito da hoto, suna neman sakamakon kiriyatinin, wato gwajin ƙoda, tukuna, kuma ya kamata, tunda maganin tacrolimus, da masu dashe ke sha don kada jiki ya ƙi sabuwar hantar, yana taɓa ƙoda.

Inda suka gaza shi ne rahoto. Ba sa tambayar yadda aka haɗa bututun, ko baki da baki da na majiyyaci, ko an ɗinke shi da hanji. Wannan ne ke nuna ko ERCP, wato zura na'ura mai kyamara ta baki zuwa bututun, zai kai wurin, ko sai an bi ta fata. Rahoton kan ce "akwai tsukewa" kawai. Tsukewa guda a daidai ɗinkin ana buɗe ta da balan-balan da siririn bututun roba da ake sauyawa kusan duk wata 3. Tsukewa da yawa a cikin hanta kuwa tana nuni ga matsala a jijiyar jinin hanta (hepatic artery), domin ita kaɗai ke ciyar da bututun bayan dashe. Irin wannan yana buƙatar sikanin Doppler, mai duba gudun jini, a ranar, amma a cibiyar sai an sake biya da sake layi.

Kada kuma a saki jiki don sikanin farko ya ce bututu bai kumbura ba. A hantar da aka dasa yakan toshe ba tare da ya buɗe sosai ba.

Ku je da takardar sallama ta asibitin da aka yi dashen, ku kuma karɓi hotunan a faifai, ba fim kaɗai ba, don a tura wa likitan da ya yi aikin.