Wasiƙa daga Winnipeg: yadda na sauya taimin bel a cikin firiza

Yaya, assalamu alaikum. Ya aiki, ya jikin Inna, ya yaran gareji? Ka daɗe kana tambayata yadda kanikanci yake a Kanada, ni kuma ina ce maka sai na gani da idona. To ranar Asabar ɗin da ta wuce na gani har na taɓa, ƴan yatsuna ma har yanzu ba su huce ba.

Motar dai ka ganta a hoto, Honda Accord ce ta 2007, wadda kuke kira Diskoshan, amma mai silinda shida. Ka fi ni sanin bambancin: mai huɗu sarƙa gare ta, mai shida kuwa bel ne na roba, wato taimin bel, mai daidaita motsin fistin da bawul, kuma in ya tsinke kana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo, sai dai a sauke kan inji. Wanda ya sayar min ba shi da wata takarda da ta nuna an taɓa sauya shi. Sai na ɗauko littafin motar, don a nan ba a yar da shi, yana bin mota duk hannun da ta shiga. Galibi sai an haura kilomita 160,000 ake sauya bel ɗin. Amma littafin ya ce in kana yawan tuƙi a zafin da ya wuce digiri 43, ko a sanyin da ya wuce digiri 29 ƙasa da sifili, to ka sauya a kilomita 100,000. Na yi dariya ni kaɗai. Wato kamfanin Honda ya haɗa Sakkwato ta watan Afrilu da Winnipeg ta watan Janairu a layi ɗaya.

Na fara zuwa wani gareji. Wuri tsaf, ga kujeru, ga kofi kyauta, amma ko fuskar bakanike ban gani ba. Wata mata ce a teburin karɓar baƙi ta danna kwamfuta, kwamfutar ta faɗi awa nawa aikin ke ci, aka ninka da kuɗin awa, aka ɗora kuɗin kaya, sai ga takarda ta doshi dalar Kanada 1,500. Babu "a rage min", babu "albarka", babu "kawo abin da ya sauwaƙa". Kuma wannan kafin haraji ne, domin a Manitoba, lardin da Winnipeg take, sai an ƙara kashi 5 na tarayya da kashi 7 na lardi a kan abin da ido ya gani. Na tuna yadda kake wuni cur a kan injin mutum, da yamma ya miƙo maka abin da bai kai kuɗin cefane ba, har da ƙorafi. A nan hannun mutum shi ne tsadar, Yaya. Da a ce kana nan, da tuni ka gina bene.

Kaya kuma akasin haka. Na yi odar saitin kamfanin Aisin ta intanet, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na waccan takardar ba: bel, famfon ruwa, tenshina mai ɗame bel, da ƙananan fulin da bel ke bi ta kai, duk a kwali guda har bakin ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ya tambaye ni "orijinal ko mai biye masa ko na Beljiyam?" Ba a lanƙwasa bel a shinshina ba, ba a kira wani a waya ya zo ya duba tambari ba, kamar yadda muke yi a Ƙofar Ruwa. Lambar mota ka shigar, a ba ka abin da ya dace da ita, in bai yi ba ka mayar da rasit. Amma fa in wani ɗan ƙaramin abu ya karye maka ana tsakiyar aiki, babu yaron da za ka tura a babur ya dawo cikin minti ashirin. Sai ka jira Litinin.

Gidan hayarmu an hana gyaran mota a wurin ajiye motoci, don haka na ari garejin wani abokina ɗan Sudan, irin na bayan gida, katako ne ba abin ɗumama ɗaki. Da safe digiri 27 ne ƙasa da sifili a waje. Hunturunmu da muke kuka da shi, ana hura wuta a ƙofar gida, a nan sai a ce masa ranar shan iska. Motocin garin nan duk da wutsiyar waya a gaba, ana jona su da lantarki da dare don inji ya kwana da ɗumi, in ba haka ba baƙin mai ya daskare ya koma kamar kakide.

Na shimfiɗa kwalaye a kan siminti, na kunna hita mai gas, na bar ƙofa a ɗan buɗe saboda hayaƙin da ba ya wari amma yana kisa. Sabon bel kuwa a ɗakina ya kwana, na zo da shi cikin riga kamar jariri, don roba in ta sha sanyi sandarewa take yi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne sifana. In ka cire safar hannu ƙarfe ya cije ka kamar wuta, in ka saka kuma ba ka jin noti mai lamba 10 a tsakanin yatsunka. Haka na dinga yi, minti goma aiki, minti biyar hannu a hammata. Duk wani maƙalli na roba da na taɓa sai ya ce ƙas, uku na karya kafin na koyi hura musu iska mai zafi tukuna.

Sai uwar ƙusoshi, ta fulin karanshaf, mai lamba 19. Ka san halinta ko a gida, to nan ga gishirin da ake watsa wa titi ya haɗa ta aure da tsatsa. Wani shagon kayan mota ya ara min ƙarfen riƙe fulin, na ajiye kuɗin jingina, in na mayar a ba ni abina cif. Na zura doguwar fayif, na hau da duk nauyina. Kusan awa biyu muna kokawa. A garejinka da yara uku sun rataya a jikinta an wuce wurin, ana yi ana raha. Ni kuwa daga ni sai tururin bakina. Da ta saki, ƙarar da ta yi na ɗauka wani abu ne ya karye.

Sauran duk karatunka ne. Jak da katako a ƙarƙashin inji kafin a cire mazauninsa na gefe, a daidaita alamar karanshaf da ta kamshaf biyu, a sa famfo, a ɗora bel, a zare fil ɗin tenshina, a juya inji da hannu a sake duba alamu. Na duba sau huɗu, ina jin muryarka kana cewa haƙorin bel ɗaya in ya goce ya isa ya kunyata mutum. Tsohon bel ɗin duk bayansa ya tsattsage.

Ruwan lagireto ma labari ne. Ruwan famfo zalla da ake ɗura wa motoci a gida, a nan dare ɗaya zai zama ƙanƙara ya fasa inji. Rabi ruwa rabi maganin daskarewa ake haɗawa, yana jure har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Tsohon kuma ba a kwarara shi a kwata, guba ne, a jarka na zuba na kai inda ake karɓa.

Ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, ni ban gama ba sai bayan isha'i. Na yi bisimilla na murɗa makulli, ta tashi lafiya lau, ba ko tari. Matar abokina ta aiko da shayi mai citta, na kasa riƙe kofin sai da hannu biyu.

Motar Kawu ma ai irin wannan ce, mai shida, kuma kullum tana hanyar Gusau da Sakkwato. Don Allah ka leƙa bel ɗinta kafin bazara ta shigo. In kana shakkar na kasuwa ka turo min lambar motar, akwai mai zuwa gida bayan sallah, sai in ba shi saiti guda ya taho maka da shi. Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninka.